Zauren Tambaya: Ina Tarihi, Ina Gishiri a Fina-finan Masu Kwance Saƙonnin Sirri?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato fina-finan da aka shirya game da mutanen da suka zauna cikin ɗakuna suna kwance saƙonnin sirrin abokan gaba a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira Yaƙin Hitila. Mafi yawansu daga Gombe suka fito, wasu kuma daga Bauchi, kuma bakin masu su bai zo ɗaya ba. Akwai mai ɗaukar duk abin da fim ya nuna a matsayin tarihi, akwai mai cewa ƙanzon kurege ne daga farko har ƙarshe, akwai kuma wanda bai ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Na zaɓi biyar na taƙaita su, kuma kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare da ke Tudun Wada, Gombe. Na nuna wa ɗalibaina fim ɗin The Imitation Game domin in kwaɗaitar da su ga lissafi, kuma ya yi tasiri, don har yau sunan Alan Turing bai bar bakinsu ba. Sai dai abokin aikina mai koyar da tarihi ya ce na cika wa yara kai da ƙarya. Mene ne gaskiya a fim ɗin, mene ne ƙari?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan ƙoƙari. Abokin aikinka ya ɗan yi zafi, amma yana da hujja. Ƙashin bayan labarin gaskiya ne. An haifi Turing a 1912, masanin lissafi ne na Jami'ar Kambirij, kuma ya kama aiki a Bletchley Park, cibiyar kwance saƙonnin sirri ta Birtaniya, wani gida mai faɗin fili kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Landan, ranar 4 ga Satumba 1939, kwana ɗaya bayan Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus. Gaskiya ne ya yi baiko da abokiyar aikinsa Joan Clarke a 1941 sannan aka fasa, gaskiya ne an gurfanar da shi a kotu a 1952 bisa dokar Ingila ta wancan zamani da ta haramta tarayyar namiji da namiji, kuma ya mutu ranar 7 ga Yuni 1954 yana da shekara 41. Inda fim ɗin na 2014 ya kauce shi ne wajen nuna yadda aka yi aikin da waɗanda suka yi shi, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi shafar ɗalibanka.

Bari mu fara da na'urar da Jamusawa suke rubuta saƙonnin sirrinsu da ita. Tun ƙarni na 9 malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta hanyar kwance rubutun sirri ta ƙirga haruffa: idan mutum ya musanya kowane harafi da wani, to harafin da ya fi yawa a saƙonsa shi ne ke tsaye a madadin harafin da ya fi yawa a harshensa, kamar yadda a Hausa ba ka rasa “a” kusan a kowace kalma. Na'urar Enigma, wadda injiniyan Jamus Arthur Scherbius ya yi wa rajista a 1918, ta toshe wannan ƙofa. Kamar keken rubutu take, amma a cikinta akwai faya-fayai uku masu juyawa, kuma duk lokacin da aka danna harafi sai faifai ya gusa, saboda haka idan ka danna harafi ɗaya sau uku a jere, amsar da fitilun za su ba ka tana sauyawa. A gabanta kuma akwai allon da ake soke wayoyi domin a ƙara musanya haruffa bibbiyu. Idan aka haɗa zaɓin faifai 3 daga cikin 5, da inda kowanne zai fara, da wayoyi 10 na allon, yawan hanyoyin saita na'urar ya kai kusan 159 da sifili 18 a bayanta, kuma kullum ana sauya saitin.

Wanda ya fara karya wannan ƙofa ba Baturen Ingila ba ne. Marian Rejewski, matashin masanin lissafi a ofishin saƙonnin sirri na ƙasar Polan, shi ne ya gano yadda aka haɗa wayoyin cikin faya-fayan a watan Disamba 1932, da lissafi zalla tare da taimakon wasu takardu da 'yan leƙen asirin Faransa suka saya daga hannun wani ma'aikacin Jamus mai suna Hans-Thilo Schmidt. Shi da abokan aikinsa biyu, Jerzy Różycki da Henryk Zygalski, sun shafe shekaru suna karanta saƙonnin sojan Jamus, har suka ƙera wata na'ura mai taimaka musu a 1938. Da Jamusawa suka ƙara faifai biyu a Disamban wannan shekara, aikin ya ninka sau goma, ya fi ƙarfin aljihunsu. A ƙarshen Yuli 1939, saura makonni biyar a afka wa ƙasarsu, suka kira Turawan Ingila da na Faransa zuwa wani daji kusa da birnin Warsaw, suka buɗe musu duk abin da suka sani, daga baya kuma suka aika wa kowannensu kwafin na'urar da suka ƙera da hannunsu. Fim ɗin ya wuce wannan duka da 'yar magana a fakaice. Ka ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka kuma babbar na'urar neman saitin Enigma da aka nuna Turing yana haɗawa shi kaɗai, yana fama da wayoyi sauran suna masa dariya, ba haka aka same ta ba. Shi ya tsara ta, wannan babu musu, amma wanda ya ƙera ta injiniya ne mai suna Harold Keen a wata masana'anta da ke garin Letchworth. Ta farko ta fara aiki a watan Maris 1940, sunanta kuwa Victory, ba Christopher ba kamar yadda fim ya raɗa mata domin ya ɗaure labarin da abokin Turing na ƙuruciya. Ba ta yi ƙarfi sosai ba sai da Gordon Welchman, wani masanin lissafi da fim ɗin bai ba shi ko kujera ba, ya kawo gyaran da aka saka a ta biyu a watan Agusta 1940. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera irinta fiye da 200 a Birtaniya, kuma matan rundunar sojan ruwa ne suke tsaye a kansu dare da rana. A farkon 1945 ma'aikatan Bletchley da rassanta sun doshi 9,000, kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Fim ya mai da su mutum biyar ko shida a ɗaki guda.

Wurin da ya fi ba ni dariya shi ne inda aka nuna sun yi wata da watanni na'ura tana juyi a banza, sai wata dare a mashaya wata mata ta yi wata magana, nan take Turing ya farga cewa ai za a iya neman kalmomin da aka san Jamusawa suna maimaitawa. Ai a kan wannan dabarar aka gina na'urar tun ranar farko, kuma idan babu kalmar zato ba ta da abin da za ta nema. Wannan kuwa abu ne da za ka iya nuna wa ɗalibai da alli a hannunka. Enigma tana da wani lahani: ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa. Saboda haka rubuta jerin haruffan sirri a allo, ka ce muna zaton kalmar GOMBE tana ciki, sai ka rubuta ta a ƙarƙashinsu kana gusar da ita gurbi-gurbi. Duk inda G ya faɗo ƙarƙashin G, ko M ƙarƙashin M, to ba nan take ba, sai ka soke wurin. Abin da ya rage shi ne bakin zaren da ake ba na'ura ta bi. Su a can rahoton yanayi na kowace safiya da gaisuwar soja da aka saba su ne suke ba su irin waɗannan kalmomi. Ina ganin yaron da ya soke gurbi uku da hannunsa zai fi riƙe darasin a kan wanda ya ga jarumi yana gudu cikin dare.

Saura biyu a taƙaice. Joan Clarke ba ta shiga aikin ta hanyar gasar cike gurbin kalmomi ta jarida ba kamar yadda fim ya nuna. Welchman, wanda ya koyar da ita a Kambirij, shi ya kira ta a 1940 saboda ya san ƙwazonta, ta kuma kai matsayin mataimakiyar shugaban sashen da ke aiki a kan saƙonnin sojan ruwa a 1944. Wasiƙar da aka aika wa Firayim Minista Churchill ranar 21 ga Oktoba 1941 kuwa mutum huɗu ne suka sa mata hannu, Turing da Welchman da Hugh Alexander da Stuart Milner-Barry, kuma ƙarin ma'aikata suka roƙa, ba kamar a fim ba inda Turing shi kaɗai ya rubuta ta aka ba shi shugabanci. Kada ka daina nuna fim ɗin, Malam, amma ka gayyaci abokin aikin naka ya zauna a bayan aji.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da shagon tura fina-finai a waya a Jekadafari. Da yamma benci yakan cika da matasa muna kallo, sai wani ɗan jami'a ya zo yana ɓata mana daɗi da “ba haka aka yi ba.” Ni dai na ce masa fim fim ne, mai son tarihi ya tafi laburare. Yawancin masu sayayya a wurina ma haka suke gani. Ina laifinmu?

AMSA: Ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya ba da kasuwa. Rabin maganarka na yarda da ita. Yaƙin shekara shida ba zai shiga cikin awa biyu ba sai an matse shi, kuma babu wanda ya naɗi hirar da mutane suka yi a ɗakunansu, dole marubuci ya sa musu magana a baki. Idan aka haɗa mutum goma aka yi mutum ɗaya, ko aka matso da abin da ya faru a shekara uku ya zama na wata guda, ni ba na ɗaga murya. Mu ma da muka tashi da kirari da waƙar fada mun san cewa idan maroƙi ya ce sarki ya kashe dubu shi kaɗai, ba shaida yake bayarwa a gaban alƙali ba. Bambancin shi ne maroƙi bai taɓa cewa rahoto yake karantawa ba, alhali waɗannan fina-finai da kansu suke sanar da mai kallo cewa a kan labarin gaskiya aka gina su, kuma da sunayen mutane na ainihi suke amfani, mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu suna raye.

Ga misalin da ya sa nake ganin ɗan jami'ar nan yana da abin faɗa. A fim ɗin Turing an nuna ya gano cewa abokin aikinsa John Cairncross ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ne, amma ya yi shiru saboda Cairncross ya yi barazanar tona nasa asirin. Cairncross mutum ne na gaskiya, kuma lallai ya yi wa Sobiyet leƙen asiri lokacin da yake Bletchley tsakanin 1942 da 1943, amma a wani sashe daban yake, a wurin da ba a yarda ma'aikacin wannan ɗaki ya san abin da na wancan yake yi ba, kuma babu wata shaida da ta nuna su biyun sun taɓa haɗuwa. Wato an ɗauki mutumin da ake cewa ana karramawa, an rataya masa laifin rufa wa maci amanar ƙasa asiri a tsakiyar yaƙi. Haka aka yi wa Kwamanda Alastair Denniston, wanda aka nuna a matsayin jahilin shugaba mai neman korar Turing da kashe na'urarsa. Shi ne ya shugabanci hukumar kwance saƙonnin sirri tun 1919, shi ya bi jami'o'i yana ɗebo masana lissafi kafin yaƙi, har da Turing ɗin, kuma yana cikin waɗanda suka je taron Warsaw. Iyalansa sun fito sun koka bayan fitowar fim ɗin. Shi kansa Turing an mai da shi mutumin da bai san raha ba, alhali abokan aikinsa sun tuna da shi a matsayin mai barkwanci, mai ɗaure kofin shayinsa da sarƙa don kada a ɗauke, gwanin gudun dogon zango wanda ya yi tseren kilomita 42 cikin awa 2 da minti 46.

Wani fim na 2001 mai suna Enigma ya fi wannan zafi a wurin mutanen Polan, domin ya ƙirƙiro maci amana a cikin Bletchley ya mai da shi ɗan ƙasarsu. A tarihi ba a ma ba masanansu damar aiki a can ba: da Rejewski ya isa Ingila a 1943, wani wuri aka kai shi yana fama da ƙananan saƙonni, kuma manyan jami'an ofishinsu da Jamusawa suka kama ba su tona cewa ana karanta saƙonnin lokacin yaƙin ba.

Ka auna abin da mudun gida. Ranar 27 ga Yuli 1903, a Burmi da ke kusa da Bajoga, sojojin Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya tare da ɗimbin jama'arsa a kan hanyarsu ta hijira zuwa gabas, kwamandan Turawan, Manjo Marsh, shi ma a nan ya faɗi. Da wani zai shirya fim ya ƙara wa Attahiru jawabin da bai yi ba kafin a gwabza, ina jin matasan bencinka tafi za su yi. Amma da zai nuna cewa wani sananne daga cikin mutanen garin ne ya buɗe wa Turawa ƙofa, ya kira shi da sunansa na gaskiya alhali bai aikata ba, kana ganin zuriyarsa za su yarda da “fim fim ne”? A nan nake ja layi. A ƙara gishiri a miya ba laifi, amma ɗauke aikin wani a ba wani, ko ɗora wa mamaci laifin da bai yi ba, ƙage ne ko a wane allo aka haska shi. Shi kuma ɗan jami'a a roƙe shi ya riƙa bari a gama kallo tukuna.

TAMBAYA: Ni tsohon soja ne, na yi ritaya ina zaune a Azare. Mahaifina ya yi yaƙin Burma. Jikana ya kunna mini wani fim mai suna U-571, inda sojojin ruwan Amurka suka kame jirgin Jamus mai nutso suka ƙwato na'urar sirri. Na ji daɗinsa, amma jikan ya ce wai Turawan Ingila sun yi fushi da shi. Me ya ɓata musu rai?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya jiƙan mahaifi. Jikanka ya faɗi gaskiya. Da fim ɗin ya fito a 2000, maganar ta kai har zauren majalisar dokokin Birtaniya, inda Firayim Minista Tony Blair ya yarda cewa cin fuska ne ga sojojin ruwan ƙasarsa. Dalili kuwa, kamen da ya fi shahara sojan Birtaniya ne suka yi shi ranar 9 ga Mayu 1941, wata bakwai kafin Amurka ta shiga yaƙin. Jirgin yaƙi mai suna Bulldog ne ya tare jirgin nutso U-110 a kudu da Aisilan bayan ma'aikatansa sun yi tsalle cikin teku, wani ƙaramin hafsa ɗan shekara 20, David Balme, ya sauka cikinsa da 'yan mutanensa, suka kwaso na'ura da littattafai. Jirgin U-571 na ainihi ba a taɓa kama shi ba. Wani jirgin sama na sojan Ostareliya ne ya nutsar da shi a watan Janairu 1944.

A matsayinka na soja, Baba, za ka fi kowa gane abin da ya faru ranar 30 ga Oktoba 1942. Tun 1 ga Fabrairu na wannan shekara jiragen nutson Jamus suka koma amfani da na'ura mai faifai huɗu, Bletchley ta makance, ayarin jiragen da ke kai abinci da mai Ingila suka yi ta nutsewa. A daren 30 ga Oktoban, a gabashin tekun Bahar Rum, jirgin Petard ya tilasta wa U-559 fitowa saman ruwa. Laftanar Anthony Fasson da wani ƙaramin soja Colin Grazier suka yi iyo cikin duhu suka shiga jirgin da ruwa ke cika shi, suna miƙo takardu ga wani yaro mai aiki a kantin jirgi, Tommy Brown, ɗan shekara 16. Jirgin ya nutse da su biyun a ciki. Da waɗannan takardu aka sake buɗe saƙonnin ranar 13 ga Disamba 1942. Ka lura, takardun ne abin nema fiye da na'urar, domin yadda na'urar take aiki an riga an san shi. Abin da ake buƙata shi ne littattafan da ke ba da kalmomin zato da saitin kowace rana. Fim ya fi son na'ura saboda tana da kyan gani a hannun jarumi.

Don a yi adalci, Amurkawa ma sun yi nasu. Sun kama U-505 ranar 4 ga Yuni 1944 a tekun da ke yamma da gaɓar Afirka, yana nan ajiye a wani gidan tarihi a birnin Shikago, kuma daga 1943 sun ƙera na'urori fiye da 100 masu sauri waɗanda suka ɗauki nauyin saƙonnin faifai huɗu. A ƙarshen fim ɗin an rubuta sunayen kamen na gaskiya, kuma a 2006 ɗaya daga cikin marubutansa, David Ayer, ya amsa a rediyo cewa sun murɗe tarihi ne domin jan masu kallo na Amurka. Fushin Turawan Ingila ba baƙo ba ne a gidanka, tun da runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, inda dubban Hausawa irin mahaifinka suka yi fama da dazuzzukan Burma, da ƙyar ake ganin fuskarsu a fina-finan wannan yaƙi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Yalwa, Bauchi. Abin da ya tsaya mini a rai a fim ɗin Turing shi ne inda masanan suka san za a nutsar da wani ayarin jirage, har da ɗan'uwan ɗayansu a ciki, amma suka ƙi faɗa don kada Jamus ta gane. Wata ƙawata kuma ta ce Churchill ya bari an ragargaza wani gari saboda wannan dalili. Haka ne?

AMSA: 'Yata, matsalar gaskiya ce, amma wasan ƙirƙira ne. Peter Hilton, wanda aka nuna yana kuka saboda ɗan'uwansa, ba shi da ɗan'uwa a wani ayari, kuma sai a Janairu 1942 ya zo Bletchley. Masu kwance saƙo ba su da ikon zaɓar wanda zai rayu. Suna miƙa abin da suka samu ne ga hukumar leƙen asiri da manyan hafsoshi, can ake yanke shawara. Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce a samar wa labarin wata kafa ta bogi: a tura jirgin sama mai sintiri ya “ci karo” da jiragen ruwan abokan gaba kafin a kai musu hari, domin su zaci ganinsu aka yi, ko a danganta rahoton ga wani ɗan leƙen asiri na ƙarya da aka raɗa wa suna Boniface.

Garin da ƙawarki take nufi shi ne Coventry, wanda jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai a daren 14 ga Nuwamba 1940, mutum fiye da 500 suka mutu. Zancen cewa Churchill ya sani ya yi shiru ya bazu ne daga littafin F. W. Winterbotham na 1974, wanda ya rubuta da ka, ba tare da takardun hukuma a gabansa ba. Masana tarihi da suka duba takardun daga baya sun nuna cewa an san babban hari yana tafe, amma saƙonnin ba su fayyace garin ba, kuma Churchill ya juyo Landan a wannan yamma ne yana zaton can za a kai shi. Adadin rayuka miliyan 14 da aka rubuta a ƙarshen fim ɗin Turing cewa aikin ya ceto kuwa ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Tushensa maganar irin su Harry Hinsley ce, wanda ya yi aiki a Bletchley kuma ya rubuta tarihin leƙen asirin Birtaniya na hukuma, cewa aikin ya rage tsawon yaƙin da aƙalla shekara 2, kuma akwai masana da suke ganin ya yi yawa.

TAMBAYA: Ina gyaran waya a Kumo. Gardama muke yi da abokaina: wai na'urar Turing ita ce kwamfuta ta farko a duniya?

AMSA: Malam mai gyara, ba ita ba ce. Na'urar da Turing ya tsara aiki ɗaya tak ta iya, wato gwada saitin Enigma, kuma da ganguna masu juyawa take yin sa. Gudummawarsa ga kwamfuta tana cikin maƙalar da ya rubuta a 1936 da tsare-tsaren da ya yi bayan yaƙi. Wadda ta fi kusa da abin da kuke gardama a kai ita ce Colossus, kuma ba don Enigma aka yi ta ba, don wata na'ura ce mai suna Lorenz da Hitila da manyan janar-janar ɗinsa suke aika saƙo da ita. Wani matashi, Bill Tutte, ya gano tsarin cikinta ba tare da ya taɓa ganinta da ido ba, bayan wani ma'aikacin Jamus ya yi gangancin aika dogon saƙo sau biyu da saiti ɗaya a watan Agusta 1941. Wanda ya ƙera Colossus kuwa ɗan sana'a ne irinka, Tommy Flowers, injiniyan tarho a hukumar gidan waya, ɗan magini, wanda ya nace cewa ƙwayayen lantarki irin na tsohuwar rediyo ba za su riƙa ƙonewa ba muddin ba a kashe su ana kunnawa ba. Ya haɗa kimanin 1,600 a ta farko, ta fara aiki a farkon 1944, kafin ƙarshen yaƙi an yi guda 10. Da aka gama, aka wargaza mafi yawansu bisa umarni, shi kuma ya kai zanen aikinsa ya cusa a wuta da hannunsa. An ba shi ladan fam 1,000, wanda bai biya abin da ya kashe daga aljihunsa ba, kuma rantsuwar sirri ta hana shi faɗa wa kowa abin da ya ƙera har zuwa shekarun 1970.